Takardar da Abbansu ya ƙi sa wa hannu

'Yar farina ce, don haka tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa kiran sa ba. Ƙannenta suna ce mata Adda, ni ma na bi bakinsu. A gidanmu na Tudun Wada, a nan cikin Gombe, haka muka taso muka tarar: uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta rarrashinsa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai ta bar kaka ta ɗaga shi. Duk wanda ya san wannan zai gane nauyin da na ji kafin na ɗauki biro. Sai da na nemi izininta da na mahaifinta, suka ce in rubuta.

Ciwon ya fara ne da bazarar 2019, tana da shekara 11, tana aji shida. Zazzaɓi ne mai zuwa ya tafi, ga kasala. Sau uku muna zuwa kemis ana cewa maleriya ce da taifot, a yi allura, a ba da ƙwayoyi, ta ɗan warware mako biyu, abu ya dawo. Sai gaɓɓai suka shiga. Da asuba yatsunta kan kumbura su sandare, har sai na riƙa mata buta ta yi alwala. Aka ce a gwada sikila, aka gwada, babu. Mai kitsonmu ce ta fara tsorata ni. Tana tsefe mata kai a tsakar gida, sai ta ɗago matajin ta nuna mini, ta ce, “Malama, wannan ba zubar gashi ta amosani ba ce, ku je a duba yarinyar nan.” Bayan haka wani kurji ya fito mata a fuska, ya haye karan hanci ya bazu kumatu biyu kamar malam-buɗe-littafi ya sauka ya baza fukafukai. Duk ranar da ta dawo daga Islamiyya cikin rana sai ya ƙara tashi.

Dada, wato surukata, ta ce baki ne, don a shekarar Adda ta zo ta ɗaya a musabaƙar makarantarsu. Aka shiga rubutu da hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Ba zan ɗora wa tsohuwa laifi ba, domin ni na riƙa riƙe kofin ina ɗura mata. Tofi da addu'a har gobe muna yi. Abin da nake nadama shi ne jarkokin sassaƙen da ba mu san abin da ke ciki ba, waɗanda ƙodarta mai rauni ta yi ta tacewa wata da watanni.

Cikin sanyin ƙarshen shekara ta tashi idanunta sun kumbura, ƙafafu kamar an hura, in ka danna yatsa sai gurbin ya zauna. Na leƙa fo na ga fitsarin ya yi kumfa kamar an kaɗa omo. Ranar ce muka tafi babban asibiti. Wata matashiyar likita ta zauna da mu kusan awa guda tana tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mana: rana tana dame ta? Gashi yana zuba? Akwai gyambo a ganɗarta? Ta haska fitila, sai ga gyambon, mu ba mu ma sani ba don ba ya mata zafi. Aka ɗebi jini aka aika wani gari, muka jira mako uku. Gwaje-gwajen da ake kira ANA da anti-dsDNA duka suka nuna abu ɗaya. Sunan ciwon lupus. Ban taɓa jin kalmar ba, ga ni malamar makaranta.

Likitar ta kwatanta mana da 'yan sintirin unguwa. Ta ce garkuwar jiki aikinta kama baƙon ɓarawo, wato ƙwayoyin cuta. A jikin mai lupus kuwa sai 'yan sintirin su daina gane 'yan gida, su hau dukan fata da gaɓɓai da jini da ƙoda, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma laifin kowa ba ne. Cikin manya goma masu shi kusan tara mata ne, ya fi yawa da tsanani a baƙar fata, kuma wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 tun suna yara yake kama su. Na yara ya fi zafi, ya fi saurin taɓa ƙoda. Ba a warkewa kwata-kwata, amma ana iya kwantar da shi mutum ya yi karatu ya yi aure. Hanyar kwantar da shi ita ce a danne garkuwar, kuma in an danne ta da yawa ainihin ɓarayin su sami ƙofa a buɗe.

Aka fara mata prednisolone da hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan mai ɗaci da muka sha muna yara. Sai dai likitar ta ce sai an tsinko ɗan naman ƙodar da allura an duba kafin a san ƙarfin maganin da za a ƙara. Aka tura mu Kano. Muka bi ta Dukku da Darazo da sassafe, Adda kwance a cinyar Dada, ni ina gefe ina kallon taga.

A can ne aka miƙo wa Abbansu takarda biyu, ɗaya ta tsinko naman ƙoda, ɗaya ta amincewa da magani mai ƙarfi. Ya karanta, ya ga an jero illoli, ya ninke ya ajiye a kan tebur. Ya ce, “Likita, ka yi haƙuri. Ba za a yi gwaji da 'yata ba. A garin nan nake a 1996.”

Gaskiya ya faɗa. Yana saurayi yana koyon kasuwanci a Kantin Kwari lokacin da sanƙarau ya yi ta ɗibar yara a Arewa. A shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya girma a Arewa ya san inda wannan tabo ya kai, har cikin ƙin allurar shan-inna na 2003 an ji ɗuriyarsa. Saboda haka ban ga baiken mijina ba. Ni ma gabana faɗuwa yake yi.

Babban likitan dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Alhaji, wannan ba gwaji ba ne. Magungunan nan an shafe shekaru ana ba da su, takardar kuma haƙƙinka ce, don kada a taɓa 'yarka ba da saninka ba. Amma tunda ka tayar da maganar, zan gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Yawancin magungunan da muke bai wa yara masu lupus a jikin manya aka gwada su. Mu sai mu auna nauyin yaro mu yi lissafi mu rage. Ga yaro kuwa ƙashinsa yana tsawo, balaga tana tafe, jikinsa ba ya sarrafa magani daidai da na babba. Da an yi gwaji na gaskiya a kan yara tun tuni, da yau ban zauna ina yi maka kirdado ba.”

Kwana biyu Abbansu bai sa hannu ba. Ya yi istihara, ya kira ƙaninsa, ya koma ya sa aka karanta masa takardar layi-layi ana fassarawa da Hausa. A rana ta uku ya sa. Daga baya ya ce mini abin da ya kwantar masa da hankali shi ne likitan bai ɓoye inda saninsa ya tsaya ba.

Sakamako ya nuna mataki na huɗu cikin shida na lupus ɗin ƙoda, ɗaya daga cikin masu tsanani. Aka ba mu zaɓi biyu: ko cyclophosphamide ta ƙarin ruwa sau ɗaya a wata har wata shida, ko ƙwayar mycophenolate safe da yamma. Na farkon yana da sauƙin kuɗi, amma yana iya taɓa ƙwan haihuwa. Dada da ba ta ce uffan ba tun shigarmu ta gyara mayafi ta ce, “Ɗana, za ta haihu?” Ya ce mata haɗarin ya fi yawa ga mace mai shekaru da wadda ta sha maganin da yawa, ga yarinya ƙarama yana da sauƙi, amma ba zai rantse mata ba. Aljihu ne ya yi mana zaɓi, muka ɗauki ƙarin ruwan. Sai bayan shekaru na ji cewa wani babban gwaji na mutum 370 da aka fitar da sakamakonsa a 2009, wanda kusan duk manya ne a ciki, ya nuna alamar cewa baƙar fata sun fi karɓar mycophenolate. Ashe har launin wanda aka gwada magani a jikinsa yana da tasiri ga abin da za a ba 'yata a Gombe.

Ana cikin haka korona ta shigo. A watan Maris na 2020 shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi hydroxychloroquine a bainar jama'a, sai masu lafiya suka wawushe shi suka ɓoye a gida. Abbansu ya zaga shagunan magani daga Jekadafari zuwa Pantami ya dawo hannu rabbana, inda aka samu kuma kuɗin ya ninka. Aka rufe Kano, aka hana shige da fice tsakanin jihohi, dole aka mayar da ƙarin ruwan nan gida, likitoci suna magana ta waya.

Maganin ya yi aiki, kumburi ya saɓe, kumfar ta ragu. Amma ya karɓi ladansa. Prednisolone ya cika mata fuska ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, ga ci kamar gara, tsawonta ya tsaya har ƙanwarta ta kamo ta. Yaran layi suka sa mata suna, ta daina leƙa ƙofar gida. Cikin damina, bayan ƙarin ruwa na biyar, zazzaɓi ya rufe ta da tsakar dare, numfashi yana fita da ƙyar. An riga an gargaɗe mu cewa mai shan irin wannan magani ba a jira masa gari ya waye. Muka tashi maƙwabci mai Keke Napep. Nimoniya ce. Aka sa mata iskar oksijin, na zauna a kan benci ina kallon ƙirjinta yana ɗagawa yana faɗawa, robar tana yin gumi tana washewa. Wajen ƙarfe uku na ga idanunta suna juyewa, hannunta ya saki gefen zanena. Ban san lokacin da na kira sunanta ba, sunanta na yanka, da ƙarfi, sau uku, a gaban surukata da nas da duk wanda ke ɗakin. Ta buɗe ido ta kalle ni kallon mamaki. Dada ta sa hannu ta dafa bayana, ba ta ce komai ba, har yau kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Allah ya tashi kafaɗarta. Aka mayar da ita kan mycophenolate, aka yi ta rage prednisolone kaɗan-kaɗan, fuska ta dawo, gashi ya tsiro. Muka koyi zama da ciwon: lema da man kare fata in za ta fita, duba ido shekara-shekara saboda hydroxychloroquine, awon fitsari da jini duk zuwa asibiti. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi ina rubuta kowane sakamako da kwanan wata.

Akwai abin da na yi wanda ya fi komai yi mini nauyin faɗa. A tsakiyar 2023, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, kuɗin mycophenolate na wata guda ya haura albashina. Na ci adashi biyu, na sayar da ɗan kunne da sarƙar aurena. Da abin ya ci tura, sai na fara ba ta rabin abin da aka rubuta, ban gaya wa likita ba, ban gaya wa Abbansu ba. Na ce a raina ai ta samu sauƙi, bari in gani ko rabin zai riƙe ta. Wata huɗu ya riƙe ta. A na biyar kumfa ta dawo cikin fo. Da likitarmu ta ga sakamakon ta dube ni ta ce, “Malama, tana shan maganin yadda aka ce?” sai hawaye suka riga bakina. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da na zo tun farko da an duba ko za a iya mayar da ita kan azathioprine, wanda ya fi araha. Wannan tashin ya bar wa ƙodarta tabon da ba zai goge ba.

A hanyar komawa gida cikin Keke maganar Abbansu ta Kano ta dawo mini. Mun ƙi a yi gwaji da 'yarmu, ga shi ni uwarta na yi gwaji da ita wata biyar, ba takarda, ba mai sa ido, ba wanda zai ce a tsaya. Mai kemis da ya yi mata allurar taifot sau uku gwaji ya yi. Jarkokin sassaƙe gwaji ne. Duk ba wanda ya rubuta abin da ya gani balle wata uwa ta amfana.

Tun daga lokacin na fara tambaya a kan yadda ake gwajin gaske, Adda kuma tana karanto mini a waya muna tattaunawa da likita ranar asibiti. Akwai wani magani, belimumab, wanda ba ya danne garkuwa gaba ɗaya, yana toshe wani sinadari ne da ke rayar da ƙwayoyin jinin da ake kira B, masu ƙera makaman da ke dukan jiki. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya a 2011, bayan sama da shekara 50 ba a samu sabon maganin lupus ba. Yara sai da suka jira shekara takwas. An gwada shi a kan yara 93 masu shekara 5 zuwa 17, aka ba 53 maganin, aka ba 40 ruwan da ba magani a ciki, dukansu kuma suna ci gaba da shan magungunansu na kullum, ba a bar kowa haka ba. Bayan shekara guda, wajen kashi 53 cikin 100 na masu maganin sun samu sauƙin da ake nema, a ɗaya ɓangaren kashi 44. Bambancin ba shi da yawa, yaran ma sun yi kaɗan a yanke hukunci da su kaɗai, sai da aka haɗa da abin da aka gani a manya. Aka amince da shi ga yara a watan Afrilun 2019, daidai bazarar da nake jigilar Adda zuwa kemis. Ga yara masu lupus ɗin ƙoda irin nata sai a 2022. Daga ƙasashe 10 aka tattaro yara 93 ɗin nan, babu ta Afirka ko ɗaya, alhali a jikin irinmu ciwon ya fi yin ɓarna. A 2021 an ƙara amincewa da wasu biyu, voclosporin da anifrolumab, su ma da manya aka fara. A garin Erlangen na Jamus kuma likitoci suna ɗibar ƙwayoyin garkuwar majiyyaci su sauya musu hali su mayar, har an ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 da ta bar wankin ƙoda bayan an yi mata. Wannan sabo ne fil, mutane kaɗan aka yi wa, kuɗinsa kuma ba na irinmu ba ne. Belimumab ɗin ma mun ji sunansa ne kawai, ba mu taɓa ganin kwalbarsa ba.

Likitarmu ta zayyana mini abin da dokar ƙasar nan ta shimfiɗa yanzu. Ba a gwada magani sai NAFDAC ta yarda, kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya tantance. Dole a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, a ba su lokacin shawara. Yaron da ya yi wayo shi ma sai an nemi yardarsa. Kana iya janye ɗanka ko yaushe ba tare da an daina duba shi ba. Akwai kuma masu sa ido na daban da za su iya tsayar da komai in an ga cutarwa. Na san rubutu a takarda daban, aiki da shi daban, kuma talakan da ya kasa sayen magani yana iya sa hannu a kan komai don a ba shi kyauta. Wannan shi ne abin da nake tsoro, kuma ni na fi kowa sanin yadda rashi ke karkatar da tunanin uwa. Duk da haka matsayina ya sauya. Ina so a kawo gwajin nan asibitocinmu na koyarwa, a yi shi a sarari, likitocinmu su riƙe ragamarsa, kuma a rubuta tun farko cewa in maganin ya yi amfani ba za a ɗauke wa yaran da suka ba da jikinsu shi ba ranar da aka gama.

Kwanakin baya bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida ina ƙirga ƙwayoyin mako cikin 'yar robarta, sai na tambayi Abbansu, in da za a kawo irin wannan gwaji Gombe, zai sa hannu? Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce sai an fassara masa kowane layi, sai ya ga fuskar wanda zai kama in abu ya lalace, sai kuma an ba shi kwana uku. Adda tana kan tabarma da littattafanta na jarrabawar fita sakandare. Shekararta 17 yanzu, tana so ta karanta haɗa magunguna. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Abba, baɗi ai ni zan sa hannun da kaina.” Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, “To, Allah ya kai mu. Amma tare za mu karanta.”

Ranar Talata mai zuwa muke da ganin likita. Awon fitsarin watan jiya ya ɗan hau kaɗan, an ce a maimaita da na asuba. Na wanke kwalbar na ajiye mata a bakin taga, kusa da littafin.